Katin da Aka Sayar Sau Biyu

Ranar Talata da hantsi Mama Ireti ta shigo layinmu na Otigba, a kasuwar kwamfuta ta Legas, riƙe da kati, da ganin tafiyarta ka san tun a cikin mota ta fara faɗan. Ina rumfata ina buga wa wani takarda ta wuce ni ko sannu babu, ta je ta tsaya a ƙofar shagon Papa Nwokedi.

"Papa, kuɗina na zo karɓa."

Matar tana da injin surfani a Mushin, ita ke yi wa makarantu bajen da ake ɗinkawa a aljihun riga. Ranar Asabar ta sayi manhajar da ke tafiyar da injin a hannun Papa, naira dubu ɗari huɗu da tamanin. Irin wannan manhaja a kati take zuwa, da lamba a ƙarƙashin fatar azurfa kamar katin waya. Ka kankare, ka shigar da lambar, ta yi aiki a kwamfuta ɗaya tak. Aka kankare, aka shigar, kwamfuta ta ce an riga an yi amfani da wannan lamba.

Papa ya nuna mata allon da ke rataye a saman kansa, wanda kowane shago a layin yake da irinsa: kaya in ya fita ba ya dawowa.

"Kin kankare, 'yata. Katin da aka kankare wa zan sayar wa?"

"To ta yaya zan san ƙwai ya ruɓe ban fasa ba? Wannan allon naka ka kai shi murhu, doka ba ta san da shi ba. Kayan da bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, wanda ya rubuta rasit shi ke mayar da kuɗi. Sai da na tambaya kafin in zo."

Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Mu 'yan kasuwar kwamfuta ko rigar jikinmu ba mu cika yarda da ita ba. Wasu suka ce matar ta sayar wa wani lambar ne ta dawo tana kukan ƙarya, ai an sha yi mana. Wasu suka yi ƙasa da murya suka ce tsoho ma in ciniki ya ja baya ba a san abin da zai aikata ba. Waɗannan na biyun na riƙe fuskokinsu, kuma har yau ba na amsa gaisuwarsu da daɗi.

Alhaja Kuburat, shugabar kwamitin layi, ta sauko daga ofis ta saurari kowa, ta ba da zuwa Juma'a. In matar ce ta yi wayo, a liƙa hotonta a ƙofar kasuwa. In an ci lambar tun kafin a sayar mata, ta karɓi kuɗinta, shagon da ya yi cutar kuma a datse masa kwaɗo, ba sauran buɗewa. A wurin kwamiti kuwa mai rasit shi ne mai cutar, sai in an nuna wani.

Shekara talatin da ɗaya Papa ya yi a shagon nan. Lokacin da mijina ya rasu, shi ya ba ni gefen barandarsa na ajiye injin hoton takarda, shekara biyu bai karɓi ko sisi ba. Na rufe rumfata na tafi neman Rasaki.

*

Rasaki mai bin sawu ne. Da can gyaran kwamfuta yake yi, sai aka lura ya fi iya gano wadda aka sace a kan gyara wadda ta lalace. Ba shi da shago. A ƙarƙashin matakalar bene yake wuni yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa, yana kallon masu wucewa kamar kowa ya ci masa wani abu.

"Iya Moria, ke ma kina cikin waɗanda nake zargi," ya ce, tun ban zauna ba. "Rumfarki ce mafi kusa da shagon."

"Ka fara da kanka, mai idon mujiya. Tashi mu je."

Ya karɓi katin daga hannun Alhaja bayan ya sa hannu, ya juya shi gaba da baya, ya sa a aljihu.

*

Laraba da safe muna Mushin. Injin na tsaye an lulluɓe shi da zani, ga baje ɗari shida wata makaranta na jira. Mama Ireti ta ba mu kujera amma ba ta ba mu ruwa ba, na kuma fahimce ta.

"Wa ya taɓa katin bayan kin fito kasuwa?" Rasaki ya tambaya.

"Ni, sai Wasiu da ke saka mini manhaja. A gabana ya kankare da makullin babur ɗinsa."

Aka kira Wasiu, wani dogo mai yawan murmushi, irin murmushin da ba ya kwantar mini da hankali. Rasaki ya ce ya ara masa waya zai kira gida. Bai kira kowa ba, hotuna ya shiga. Ga katin nan, lambar fes.

"Me lambar mutane ke yi a wayarka?"

Murmushin ya ɗauke. "Oga, idona ne. Baƙaƙen ƙanana ne, sai na ɗauki hoto na ƙara musu girma nake iya karantawa."

"Kana kuma da abokai masu injin surfani."

"Ina da su. Amma wallahi ban tura wa kowa ba."

Ni dai a raina na gama shari'a, biri ya yi kama da mutum. A mota na ce wa Rasaki mu kai shi gaban Alhaja a huta. Ya ce, "Ke in aka ba ki alƙalanci, rabin Legas na gidan yari." Ashe tun daren jiya ya rubuta wa kamfanin da ya yi manhajar, ya tura hoton kati da rasit. Amsa ta zo da la'asar. An kunna lambar a wata kwamfuta a Kwatano, kwana goma sha ɗaya kafin Asabar ɗin da aka sayar da katin.

Wasiu ya fita daga zargi, Mama Ireti ma ta fita. Na so in yi murna, sai na tuna wanda ya rage.

Rasaki ya fito da katin ya sa mini a ƙarƙashin gilashinsa na gyara. An kankare tsakiyar azurfar, gefe-gefenta na nan. "Dubi nan. Ba azurfar kamfani ba ce, sitika ce irin wadda ake saye a kasuwar Idumota. Ta fi ainihin wurin faɗi. Wani ya kankare, ya kwafi lambar ya sayar a Kwatano, ya liƙa wannan a kai, katin ya koma sabo."

*

Alhamis ranar shara ce, ba a buɗe shago sai ƙarfe goma. Muna ajiye tsintsiya muka shiga wurin Papa. Na gaya masa amsar kamfani. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Ke nan matar gaskiya ta faɗa," ya ce. "Na ci mutuncinta a banza."

"Papa, daga ina katin ya zo hannunka?" in ji Rasaki.

"Daga kayana."

"Wane kayan?"

Papa ya nuna kantocin da ke bayansa, cike da kwalaye tun daga ƙasa har rufi. Rasaki ya tashi kamar mai miƙa, ya ɗaga kwali ɗaya da yatsa biyu. Ya ɗaga na biyu. Ya tura na uku, ya faɗo ƙasa ba ƙara. Duk babu komai a ciki.

Na ji kamar in nutse. Kullum ina gefen mutumin nan, muna raba abincin rana, ban taɓa sani ba.

"Shekara biyu ke nan," Papa ya ce, bai ɗago ba. "Tun ciwon matata Mama Ngozi jari ya tafi asibiti. Kullum da safe ina kakkaɓe kwalayen don kada su yi ƙura."

Sauran bayanin ba sai ya yi ba. A layinmu in mai saye ya nemi abin da ba ka da shi, ba ka cewa babu. Ka ba shi kujera, ka ce bari ka ɗauko daga ɗaya shagonka. Kowa ya san ba wani ɗaya shago. Wurin maƙwabci za ka, ya ba ka kayan da baki, ba takarda ba shaida. In ka sayar, ka rubuta rasit da sunanka, ka kai masa nasa ka riƙe ribarka. In ba a saya ba ka mayar masa da abinsa. Haka Papa yake ci da iyalinsa shekara biyu.

"Wa ya ba ka ranar Asabar?"

"Wanda ya rufa maka asiri shekara biyu ba ka tona nasa rana ɗaya, Rasaki."

"Gobe za a sa wa ƙofar nan kwaɗo."

"Na ji Alhaja da kunnena."

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce masa tsufa ya fara taɓa masa kai. Ya ce in je in buɗe rumfata, mutane na jira.

*

Mutum biyu ne kaɗai ke sayar da wannan manhaja a layin. Na farko Gbadamosi, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon Papa don yana bakin hanya. Muka same shi yana cin amala da hannu ɗaya, yana danna waya da ɗayan.

"Ni in ba Nwokedi kaya? Tun bara na daina. Wanda ba shi da abin da za a kama ba a ba shi amana."

"An ce ka riga ka yi wa mai ginin magana a kan shagonsa," na ce.

"Na yi, Iya Moria. Laifi ne? In an rufe wani zai shiga, gara ni." Ya sa loma ya dube ni. "Ke ma ki fara neman wata barandar."

Na fito ina huci, na ce wa Rasaki wannan ne, ko tantama babu. Ya ce jiya ma haka na ce.

Na biyun Dubem ne, yaron gidan Papa na da. Shekara bakwai ya yi yana koyon kasuwa a hannunsa, ranar sallama Papa ya kama masa shago ya zuba masa kaya da kuɗinsa. Yanzu shekara goma sha biyu ke nan da sallamar, yana da shago uku da tumbi, ana ce masa Dubem Dubai. Yana ganinmu ya taso, ya sa aka kawo lemo mai sanyi.

"Anti Moria, tun Talata ban yi barci ba. Oga ubana ne. Ku gaya wa matar nan ta zo in biya ta a rufe maganar, kada a kai tsoho gaban kwamiti."

"Kai ka ba shi katin?" Rasaki ya tambaya.

"Ni? Rabon Oga da ɗaukar irin wannan a wurina an fi wata uku. Ko a wajen layi ya samo, ka san yanzu abin sai a hankali."

Har hawaye na ga ya taru masa. A hanya na ce Allah ya ba kowa yaro irin Dubem. Rasaki ya ce, "In ya biya, maganar ta mutu ko ba ta mutu ba?"

"Ba ta mutu ba. Alhaja ta riga ta ga amsar kamfani."

"Shi ma ɗan kwamiti ne, ya san haka. To me zai saya da kuɗin?"

Ban so tambayar ba.

*

Muka dawo rumfata. Rasaki ya ce in yi masa hoton katin gaba da baya saboda zaman gobe. Murfin injina ya daɗe da karyewa, a buɗe nake aiki. Na kifa katin na danna. Hasken ya bi ta ƙarƙashinsa, sai na ga wasu ɗigo-ɗigo sun haska a kusurwa.

"Sake," in ji Rasaki.

Na sake. Huda uku ƙanana a jere, irin na allura, haske na fitowa ta cikinsu sarai. Kusa da su wasu uku, amma haskensu dishi-dishi.

Kowane ɗan kasuwa a layinmu yana da alamar da yake sa wa kayansa, don in an ɗauka da baki aka dawo da shi ya tabbata nasa ne aka dawo masa da shi, ba a musanya ba. Wani ɗigon jan farce, wani ƙaramin gicciye da biro. Ba a faɗa wa kowa, amma mai zama a baranda yana gani.

"Papa da allura yake yi," na ce. "Amma shi huda biyu."

Rasaki ya karɓi dubu biyar a hannuna, wai bashi, ya fita. Ya dawo da ƙananan katin ajiya na waya guda biyu a ledarsu, ɗaya daga wurin Gbadamosi, ɗaya daga wurin Dubem. Ya ɗora su a kan injin ya danna da kansa, ya duba, ya kwashe abinsa. Bai bari na gani ba, wai bakina ba shi da murfi kamar injina.

*

Juma'a bayan an sauko masallaci aka taru a ofishin kwamiti. Alhaja na tsakiya, kwaɗon na kan tebur a gabanta, sabo fil. Mama Ireti da Wasiu a gefe guda, Gbadamosi yana kaɗa ƙafa, Dubem ya ja kujera kusa da Papa ya riƙe masa jaka. Mutanen layi sun cika matakala.

Rasaki ya karanta amsar kamfani, ya nuna sitikar bogi. Sannan ya ce a saki labule. Ya kunna fitilar wayarsa ya ɗora katin ajiyar Gbadamosi a kai. Ba huda, sai ɗigon koren tawada. Ya ɗora na Dubem. Huda uku a jere.

"Papa huda biyu yake yi," ya ce. "Wanda ya koya a hannunsa ya ƙara ɗaya don a bambanta." Ya ɗora katin Mama Ireti. Uku suka haska.

Dubem ya ajiye jakar Papa a ƙasa a hankali.

"To, tunda abin ya kai haka," ya ce. "Ni na ba Oga katin. Na ɓoye ne don in rufa masa asiri. Amma lafiya lau na ba shi, da azurfar kamfani. Abin da ya yi da shi bayan ya bar shagona, shi ya sani. Kowa dai ya san halin da yake ciki, ku je ku ɗaga kwalayen shagonsa ku gani."

Na dubi Papa. Bai motsa ba. Da ba don Alhaja ba da na cire takalmi na kwaɗa wa Dubem.

"Lambar an ci ta kwana goma sha ɗaya kafin Asabar," in ji Rasaki.

"To daga wurin mai shigo da kaya ne. Ni ma an cuce ni ke nan."

"Yanzu kuma ba Oga ba ne." Rasaki ya ciro reza, ya ɗaga sauran sitikar da ke kusurwar katin a hankali har ta fita, ya miƙa wa Alhaja ita daban, katin daban. "Alhaja, huda nawa ne a sitikar?"

Ta ɗaga ta a haske. "Uku."

"A katin fa?"

"Shida."

"Ukun farko ya yi su ranar da kaya suka iso shagonsa, kamar yadda yake yi wa komai. Da ya kankare ya liƙa sitika, sai ta rufe masa alamarsa. Kati ne da zai bayar da baki, in ya dawo dole ya gane shi, don kada ya ruɗe ya sayar da shi da rasit ɗinsa. Sai ya sake ɗaukar allura ya huda ta kan sitikar. Katin yana hannunsa kafin a liƙa, yana hannunsa bayan an liƙa. Mai shigo da kaya ba ya huda, Papa kuma minti goma katin ya yi a hannunsa, Mama Ireti na zaune tana jira."

Alhaja ta tura mutum biyu shagon Dubem da makullin aljihun teburinsa. Suka dawo da kati tara a ɗaure da roba, daban da waɗanda ke cikin gilashi. Duk tara da sitika, duk da huda shida. Waɗannan ya tanada don masu ɗauka da baki, in ta fashe ta fashe a kan mai rasit.

Gbadamosi ya yi tsaki ya tashi, don ya ga ba shagon bakin hanya ne zai samu ba.

*

Alhaja ta ce a bi doka yadda take. Dubem ya kawo kuɗin ya sa a hannun Papa, Papa da ya rubuta rasit ya sa a hannun Mama Ireti, ya ba ta haƙuri a gaban kowa. Ta kuma ce allon nan na kaya ba ya dawowa, kada ta sake ganinsa a layin, ya jawo mana abin kunya ya isa.

Saura kwaɗo. A al'adarmu wanda aka cuta shi ke datsewa. Alhaja ta miƙa wa Mama Ireti. Matar ta dubi kwaɗon, ta dubi Papa.

"Ni kuɗi aka ci mini, ga shi kuma na samu. Ku ba Baba."

Muka sauko gaba ɗaya zuwa babban shagon Dubem, wanda Papa ya kama masa tun farko. Aka jawo ƙofar ƙarfe ƙasa. Dubem ya durƙusa a kan titi, ƙato da shi, ya riƙe ƙafar wandon Papa.

"Oga, ka yi mini rai. Shaiɗan ne."

"Tun Alhamis na san kai ne," in ji Papa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ce ni na tsufa, shagona ya riga ya mutu, kai kana da yara a makaranta. Na zo yau da niyyar in yi shiru a rufe nawa. Da kai ma ka yi shiru, Chidubem, da na ɗauke maka."

Ya sunkuya da ƙyar. Karo na farko kwaɗon ya suɓuce masa ya faɗi, na yunƙura zan ɗauka Rasaki ya riƙe mini hannu. Papa ya ɗauka da kansa, ya zura, ya datse, ya miƙa wa Alhaja makullin.

Na raka shi har shagonsa. Yana nan a buɗe, ba mai sake taɓa shi. Ya zauna a kujerarsa, na kawo masa ruwa mai sanyi, ya riƙe kofin da hannu biyu har ruwan ya yi ɗumi bai sha ba.